Wasan Farkur a Daji: Asalinsa da Matakan Farko na Koyon Tsalle

Farkur wasan motsa jiki ne da mutum ke ratsa wuri daga wannan gefe zuwa wancan cikin hanzari, yana ƙetare duk abin da ya tare masa hanya ba tare da wani kayan aiki ba sai gaɓoɓin jikinsa. Ya ƙunshi gudu da tsalle da hawa da rarrafe da lilo da mirgine. Galibin waɗanda suka san shi a bidiyoyin intanet suka gan shi, inda matasa ke dirowa daga rufin wannan bene zuwa wancan, shi ya sa ake yi masa kallon wasan birni, kuma wasan ganganci. Sai dai tushensa a fili da daji yake, kuma darasin farko da masu koyar da shi ke bayarwa shi ne na dira. Wanda bai iya sauka lafiya ba, nisan tsallensa ba abin da zai ƙara masa sai girman rauni. Bahaushe ya ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba.

Asalin wasan

Tarihin farkur ya faro ne daga wani hafsan sojan ruwa na Faransa mai suna Georges Hébert, wanda ya rayu daga 1875 zuwa 1957. A ranar 8 ga Mayu, 1902, dutsen Pelée da ke tsibirin Martinique ya yi aman wuta, ya shafe birnin Saint-Pierre, ya hallaka mutane kusan 28,000. Hébert yana yankin a lokacin, kuma ya jagoranci ceto kimanin mutane 700. Abin da ya gani ya cusa masa ra'ayin cewa ƙarfin jiki ba shi da wata daraja sai in zai amfani mai shi da sauran jama'a a ranar tsanani. A tafiye-tafiyensa kuma ƙarfi da zafin naman mutanen da ya gani a Afirka sun burge shi, ganin cewa rayuwarsu ta yau da kullum ce ta horar da su.

Da ya koma gida sai ya tsara hanyar horarwa da ya kira hanyar ɗabi'a, wadda ya gina kan motsi iri goma: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe da hannu da ƙafa, hawa, daidaita jiki, jifa, ɗaukar kaya, kare kai da kuma iyo. Ana yin wannan horo a sarari, ko dai a bi ta jeji a ƙetare abin da aka tarar, ko a shirya fili mai shingaye. Daga nan ne filin atisayen sojoji mai katangu da ramuka da igiyoyi ya samo asali, wanda rundunonin ƙasashe da dama ke amfani da irinsa har yau.

Irin wannan horo Raymond Belle ya samu. An haife shi a Vietnam a 1939, lokacin da take ƙarƙashin mulkin Faransa, ya tashi a gidan marayu na soja a garin Da Lat, daga bisani ya zama jami'in rundunar kashe gobara ta Paris. Ɗansa David Belle, wanda aka haifa a 1973, shi ne ya ɗauki abin da ya koya a wurin mahaifinsa, ya haɗu da 'yan'uwa da abokai a garuruwan Lisses da Évry da ke kudu da Paris, suka mayar da shi wasan da aka sani a yau tun daga ƙarshen shekarun 1980. A 1997 matasan suka sa wa ƙungiyarsu suna Yamakasi, daga harshen Lingala na ƙasar Kwango, inda kalmar ke nuni da ƙarfi. Sunan wasan kansa, wanda ake rubutawa parkour, an ciro shi ne daga kalmar Faransanci parcours, ma'ana hanyar da ake bi.

Finafinai ne suka yaɗa shi a duniya, irin su Yamakasi na 2001, da Banlieue 13 na 2004 wanda David Belle ya fito a ciki, da Casino Royale na 2006 wanda ya ƙunshi tseren Sébastien Foucan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. A watan Janairun 2017 Birtaniya ta zama ƙasa ta farko da ta amince da farkur a matsayin wasa a hukumance, kuma a watan Oktoban 2022 hukumar wasannin jimnastik ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko a birnin Tokyo, ko da yake da yawa daga masu wasan ba su goyi bayan shigowar hukumar cikin harkar ba.

Abin da ya bambanta daji da birni

A birni katangar siminti tana nan yadda take jiya, kuma kaurinta da tsayinta ba sa canjawa. A daji kuwa ba abin da za a amince masa da ido kawai. Gungumen da ya yi kama da lafiyayye yana iya kasancewa gara ta cinye cikinsa. Dutsen da ke zaune yana iya juyawa da zarar an taka shi. Ɓawon itace yana saɓulewa, gansakuka da raɓar safiya suna sa santsi, busasshen ganye kuma yana rufe rami da saiwa da tsinin kututture. Da damina matsalar santsi ce, da rani kuwa tarin ganye da tsakuwa mai zamewa.

Amfanin daji shi ne ƙasarsa ta fi siminti taushi, kuma da yake ba a samun tsalle biyu iri ɗaya, yana koya wa ƙafa da ido saurin karantar wuri. Dajin Fontainebleau, mai nisan kusan kilomita 60 a kudu maso gabashin Paris, ya shahara da tarin manyan duwatsu a kan ƙasa mai yashi, kuma masu hawan dutse da masu farkur suna zuwa can atisaye.

Saboda haka ƙa'idar farko a daji ita ce a duba kafin a yi tsalle. A je wurin da za a dira da ƙafa, a taka shi, a girgiza shi da hannu, a ƙwanƙwasa gungume a ji ko cikinsa rami ne, a share ganye da sanda. A duba wurin tashi kamar yadda aka duba wurin sauka, sannan a tambayi kai: in na kasa kaiwa, ko na wuce, a ina zan faɗi? Idan amsar ita ce kan tsini ko cikin kwazazzabo, a bar wannan tsalle.

Shiri da kaya

Kayan da ake buƙata kaɗan ne. Takalmin kambas mai shafaffen ƙasan roba da ke kama wuri ya wadatar, muddin ya zauna daidai a ƙafa kuma an ɗaure igiyarsa. Silifa da takalmi mai tudun diddige ba su dace ba. Dogon wando da riga mai hannu suna kare fata daga ƙaya da ƙarangiya. A cire zobe da agogo da sarƙa, domin suna iya maƙalewa a reshe, a kuma fitar da makulli da waya daga aljihu kafin a mirgina.

Kafin a fara a ɗumama jiki na minti goma zuwa goma sha biyar: sassarfa, jujjuya idon sawu da wuyan hannu da kafaɗu, tsugunawa da miƙewa, sannan rarrafe da tafin hannu da ƙafa ba tare da gwiwa ta taɓa ƙasa ba. Wanda ya taɓa wasan langa ya san amfanin tsayuwa da tsalle a kan ƙafa ɗaya, kuma wannan atisaye ne mai kyau ga idon sawu. Mai ciwon gwiwa ko baya ko zuciya, ko wanda ya taɓa karaya, ya nemi shawarar likita tukuna.

Dira

Dalilin da ya sa ake fifita dira a kan komai lissafi ne mai sauƙi. Wanda ya diro daga tsayin mita 1 yana isa ƙasa da saurin kusan kilomita 16 a awa. Daga mita 2 saurin ya haura kilomita 22, kuma ƙarfin da jiki zai shanye ya ninka. Abin da ke rage wannan ƙarfi shi ne tazarar da jiki ke bi kafin ya tsaya cak. Mai nauyin kilo 60 da ya diro daga mita 1, in ya lanƙwasa gaɓoɓinsa jikinsa ya yi ƙasa da santimita 50 kafin ya tsaya, matsakaicin nauyin da ƙafafunsa za su ɗauka ya kai ninki uku na nauyinsa, wato kamar kilo 180. In kuwa ya dira a sandare, jikinsa ya yi ƙasa da santimita 10 kacal, nauyin zai kai ninki goma sha ɗaya, wato kamar kilo 660. Tsayin ɗaya ne, mutumin ɗaya ne, bambancin kawai yadda ya sauka.

Ga yadda ake yi. A dira a kan gaban tafin ƙafa, wato gindin yatsu, ƙafafu biyu a lokaci ɗaya, a ware su daidai faɗin kafaɗu. Tun a iska a miƙa ƙafafu su tarbi ƙasa, da gwiwa a ɗan lanƙwashe. Da an taɓa ƙasa sai idon sawu da gwiwa da ƙugu su lanƙwashe tare, a tura ƙugu baya kamar mai shirin zama a kujera, ƙirji ya ɗan sunkuyo gaba. Gwiwoyi su fuskanci inda yatsun ƙafa suka fuskanta, kada su karkato ciki su haɗu, domin wannan karkacewa ce ke yawan jawo yagewar jijiyar gwiwa. Kada kuma a durƙushe har mazaunai su bugi diddige. In ƙarfin ya yi yawa, a dafa ƙasa da tafukan hannu biyu a gaba, hannuwa su karɓi wani kaso.

Ma'aunin da masu wasan ke amfani da shi shi ne kunne. Dira mai kyau ba ta da ƙara. Duk lokacin da aka ji tim, to ƙashi ne da gaɓa suka karɓi bugun maimakon tsoka. Mai koyo ya fara da tsalle a tsaye a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sannan ya diro daga kututturen da bai wuce santimita 30 ba, sannan tsayin gwiwa. Kada ya ƙara tsayi sai ya iya dira sau goma a jere ba ƙara, ba tangaɗi.

Mirgine

Idan mutum ya diro yana kuma tafiya gaba da sauri, mirgine ne ke mayar da ƙarfin faɗuwa ya zama tafiya. Ya bambanta da alkafura, wadda ake bi ta kan kai da tsakiyar gadon baya. A farkur ana mirginawa ne a karkace, daga bayan kafaɗa ɗaya zuwa ƙugun ɗaya gefen, ta yadda kai ba zai taɓa ƙasa ba, ƙashin baya kuma za a gitta shi ne kawai a wuri ɗaya.

Mai mirginawa ta kafaɗar dama ya tsuguna da ƙafar dama a gaba, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya sunkuyar da haɓa ya juya fuska hagu, ya tura da ƙafafu. Jiki zai bi ta damtsen dama, ya hau bayan kafaɗa, ya gitta baya zuwa ƙugun hagu, ya tashi a kan ƙafafu. A fara daga tsugune a kan ciyawa ko yashi, sannan daga tsaye, sannan daga tafiya, kuma a koyi ɓangarorin biyu. In an ji zafi a tsinin kafaɗa ko ƙashin ƙugu, alama ce an kauce layi. A daji ba a mirginawa sai a wurin da aka share da hannu, domin ƙaramin dutse ko tsinin itace a ƙarƙashin gadon baya ya fi faɗuwar kanta haɗari. Inda ba a duba ba, a dira a dafa hannu.

Tsallen auna wuri

Wannan shi ne tsallen da aka fi buƙata a daji: daga tsaye a kan wani abu zuwa wani ƙayyadadden wuri, kamar daga dutse zuwa dutse ko daga gungume zuwa gungume, a kuma tsaya cak. Ana tsayawa da ƙafafu kusa da juna, a kai hannuwa baya, a ɗan tsuguna, a bar jiki ya karkata gaba, sannan a wurga hannuwa gaba da sama a daidai lokacin da ƙafafu ke tunkuɗa ƙasa. A iska a ɗago gwiwoyi, a kai ƙafafu gaban jiki, ido na kan ainihin inda za a taka. Tsallen ya yi baka, ya hau sama ya sauko, domin wanda ya tafi a miƙe yana isa da ƙarfin da ke zamar da ƙafa, musamman a kan itace mai danshi.

A kan gungume, gaban tafin ƙafa ya sauka a kan doronsa ta ɓangaren da ke fuskantar mai tsalle, diddige yana rataye. Wanda ya dira da tsakiyar tafin ƙafa ko diddige a kan abu mai zagaye, ƙafarsa na iya zamewa gaba ya faɗi ta baya.

Ana fara koyo da layi biyu da aka ja a ƙasa. A auna iyakar nisan da ake iya kaiwa da tafin ƙafa, a riƙe adadin. Wannan awo shi ne jagora a daji: a auna tazarar da ƙafa kafin a yi tsalle, kuma a tsaya a kashi biyu cikin uku na iyakar da aka kai a fili. A koyi kuskure da gangan a wuri mara tsayi. In an gaza kaiwa, a taɓa gefen gungumen da ƙafafu a koma baya a dira ƙasa. In an wuce, a taka a zarce gaba. Wanda ya saba da waɗannan ba ya firgita ranar da ƙafa ta kuɓuce.

Tsalle da gudu

Ƙorama ko ramin da ya fi ƙarfin tsalle daga tsaye, da gudu ake ƙetare shi. Taku uku zuwa biyar sun isa. A share hanyar gudun, a tashi da ƙafa ɗaya, a wurga gwiwar ɗaya ƙafar sama, a dira da ƙafafu biyu ko a zarce da gudu. A lura cewa bakin ƙorama da bakin kwazazzabo sukan zama ruwa ya ci ƙarƙashinsu, saboda haka a tashi daga ɗan baya da bakin, a kuma auna sauka can ciki da ɗaya bakin. Babban kuskure shi ne yin shakka a takun ƙarshe. Shawarar yi ko bari ana yanke ta ne tun kafin a ɗaga ƙafar farko.

Ƙetare gungume da tafiya a kansa

Itacen da ya faɗi ya gitta hanya, in ya kai tsayin cinya ko ƙugu, ana ƙetare shi da dafawa. A ɗora hannun dama a kansa, a ɗora ƙafar hagu can gefe, sannan a zura ƙafar dama ta tsakanin hannu da ƙafar da ke sama, a sauka da ita a ɗaya gefen a ci gaba da tafiya. Alfanun wannan salo shi ne mutum na iya tsayawa a sama ya leƙa abin da ke bayan gungumen kafin ya sauka. Salon da ake wucewa da hannu kawai, ƙafa ba ta taɓa itacen ba, a bar shi sai wannan ya zauna.

Tafiya a kan gungume kuwa, a jera ƙafafu bisa tsawonsa, gwiwa a sake, hannuwa a buɗe, ido a kan taku biyu ko uku a gaba. In jiki ya fara rawa, a tsuguna ko a sauka da kai, kada a jira faɗuwa. Reshen da za a yi lilo da shi ya zama ɗanye mai kauri, a kama shi kusa da jikin bishiyar, a fara rataya a hankali ƙafa na kusa da ƙasa.

Tsarin koyo

Da rarrafe yaro kan tashi. Tsoka tana saurin ƙarfi, amma jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi suna ɗaukar watanni kafin su saba da bugu, shi ya sa mai gaggawa yakan kamu da ciwon gwiwa da na ƙwauri tun bai yi nisa ba. Kwana biyu ko uku a mako, da hutu a tsakani, sun ishi mai farawa. Makonnin farko a ba da su ga dira da rarrafe da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, sannan a shigo da mirgine da tsallen layi, sannan ƙananan duwatsu da gungume. Sai kowane motsi ya zauna shi kaɗai ake haɗa su a jere, a gajeriyar hanyar da aka riga aka bi da ƙafa. A watannin farko kada a diro daga abin da ya wuce tsayin ƙugu. A daina da zarar dira ta fara ƙara, domin alamar gajiya ke nan, kuma a cikin gajiya ake yawan jin rauni. Yara su yi a gaban babba.

Haɗurra da taimakon farko

Kada a shiga daji atisaye a kaɗaice. A tafi da abokin tafiya da ruwan sha da waya mai caji, a sanar da na gida inda aka nufa da lokacin dawowa. A zaɓi wurin da aka sani, kusa da gari, a nemi izinin mai gona ko masu kula da gandun daji, a kuma nisanci duk dajin da ke fama da matsalar tsaro.

Targaɗe a idon sawu shi ne raunin da aka fi samu. A daina taka ƙafar, a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba da matsi sosai ba, a ɗaga ƙafar sama. In ba a iya takawa, ko gaɓar ta karkace, a tafi asibiti. Wanda ya bugu a ka ya suma ko yana amai, a gaggauta kai shi asibiti. Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko gadon baya, kada a ɗaga shi barkatai, a riƙe kansa kada ya motsa har a samu taimako. Raunin ƙaya ko tsinin itace a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a tabbatar an yi allurar rigakafin tetanus.

A dazuzzukan Najeriya ƙarƙashin gungume da tsagar dutse da tsohon suri mafaka ce ta kunama da macizai irin su kububuwa da kasa. Kada a zura hannu ko ƙafa inda ido bai gani ba. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da duk abin da ke matse gaɓar, a hana ta motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi ba tare da ɓata lokaci ba.

Dajin kansa yana da haƙƙi a kan mai atisaye. Kada a karya rassa, kada a saɓule ɓawon bishiya, kada a tattake shuka ko a tayar da sheƙar tsuntsaye, kuma duk robar ruwa da ledar da aka shiga da su a fito da su.